Kafin a Sauke Tsohon Kwano: Nasiha ga Mai Niyyar Gyaran Gida a Kafanchan

Duk shekara, da zarar ruwa ya ɗauke a ƙarshen watan Oktoba, manoma suka fara haƙar citta, kuɗi ya soma zagayawa a hannun jama'a, 'ya'yan gari da ke aiki a Abuja da Kaduna da Ikko kuma suka shiga lissafin komowa gida domin Kirsimeti, ko bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, ko wani ɗaurin aure da aka ɗaga zuwa rani, sai ka tarar unguwannin Kafanchan sun cika da tsibin yashi da jerin bulo a ƙofofin gidaje, kowa yana so ya gyara nasa kafin baƙi su iso. Wannan himma abar yabo ce, gama mutumin da ya kula da muhallin iyalinsa ya sauke wani babban haƙƙi da ke wuyansa. Amma wanda ya sake bi ta waɗannan ƙofofi a watan Yuni, bayan damina ta zauna, zai ga abin da zai sosa masa rai: a nan ɗaki biyu a tsaye babu rufi, ciyawa ta tsiro a kan ragowar yashin, a can sabon fenti ya kumbura yana ɓarewa, a gaba kuma mai gida da magini, waɗanda a baya suke ci a kwano ɗaya, yau ba sa haɗuwa sai a gaban mai unguwa ko a ofishin 'yan sanda. Ra'ayina shi ne, mafi yawan wannan hasara ana tafka ta ne tun kafin a kwaɓa buhun siminti na farko, wato a ranar da aka fara aiki ba tare da an binciki tsohon ginin ba, ba a zana abin da ake nufi ba, ba a kuma rubuta abin da aka ƙulla ba.

Kafanchan gari ne mai tsofaffin gidaje da yawa, dalilin haka kuwa yana cikin tarihinsa. Tun da layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya ratso Inugu da Makurdi ya iso ƙasar Fantswam, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos a 1927, wurin ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, fadar Sarkin Jama'a ta komo cikinsa a 1933, ma'aikatan reluwe da fatake daga Kudu da Arewa suka sauka suka zauna tare da mutanen ƙasar, kowa ya gina gwargwadon ƙarfinsa. Na farko sun gina da jar ƙasa da tubali, 'ya'yansu suka shafe ƙasar da siminti suka ɗora kwano, jikokinsu suka jingina ɗakunan bulo a jikin na da. Sa'an nan fitinun da suka auku a 1987 da 1999 da 2011, Allah Ya kiyaye mu daga irinsu, sun cinye gidaje da shaguna masu yawa, aka sake tayar da waɗansunsu cikin gaggawa da ƙuncin hannu, sau da yawa a kan bangon da wuta ta riga ta raunana. Saboda haka gida ɗaya a wannan gari yana iya ƙunsar aikin zamani uku, kowane da irin tushensa, kuma babu mai iya sanin abin da ke ƙarƙashin filasta sai wanda ya bincika.

Wannan ne ya sa gyara ya fi sabon gini wuya. Mai sabon gini yana da fili a sarari, ya san zurfin harsashinsa domin a gabansa aka haƙa. Mai gyara kuwa ya gaji aikin mutanen da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, ba su bar masa takarda ko ɗaya ba. Wajibi ne a kansa, kafin ya tambayi farashin tayil, ya sa wanda ya san gini ya zagaya gidan ciki da waje, kuma abin da za a fara nema shi ne hanyar ruwa. Ƙasarmu ta kudancin Kaduna ruwanta ya ɗara na Kano nesa ba kusa ba, yana farawa tun Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, kuma shi ne babban abokin gaban kowane bango. Dubi gindin bangon ɗakin da ke fama da laima: daga ƙasa zuwa gwiwa launinsa ya yi duhu, a saman duhun akwai wani farin gishiri kamar an barbaɗa, in ka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa sai ka ji filastar tana amsawa kamar babu kome a bayanta, in ka ɓanɓare ta kuma ka tarar da ƙasa a jiƙe, gara ta yi hanya a ciki ta nufi katakon rufi. Wanda ya liƙa tayil a kan irin wannan bango ya rufe ciwo ne kawai, gama laimar za ta hau sama da inda tayil ɗin ya tsaya ta ɓullo a can.

Hankali ya hukunta a bi tartibi. A fara da rufi, a duba katakon da gara ta ci da ƙusoshin da suka yi tsatsa; a bi da magudanar ruwa, musamman a gidajen da aka ɗaga titin gabansu har tsakar gida ta koma ƙasa da kwalbati; a gyara gindin bango; sa'an nan a zo kan tsohuwar wayar lantarki da bututun ruwa da sokawe, wanda masana lafiya suke son a nisanta shi daga rijiya da kimanin mita 30 inda fili ya ba da hali. Idan silin gidan na asbesto ne, a jiƙa shi a sauke shi a hankali ba tare da an farfasa ba, domin ƙurarsa tana cutar da huhu. Fenti da tayil da ado su ne na ƙarshe. Abin takaici, galibinmu daga ƙarshen muke farowa, domin shi ne idon baƙo yake gani. Daga cikin wannan son burge ido har da yayin ɓoyayyen rufi da aka kwaso daga Abuja, inda ake ɗaga bango ya rufe kwano, ruwa ya dinga bi ta wata siririyar hanya a bayan bangon. Ranar da ganye ya toshe ta, sai ruwan watan Agusta ya sauka a tsakiyar falo. Magabata da suka fitar da bakin rufi ya zarce bango, suka ɗaga dandamalin ɗaki sama da tsakar gida, sun fahimci daminar wannan ƙasa fiye da masu kwaikwayon hoton da suka gani a waya.

Wa za a kira, to? A nan ne mutanenmu suke cakuɗa ayyuka huɗu su ɗora wa mutum ɗaya. Akwai mai zanen gine-gine, wanda aikinsa shi ne ya saurari bukatar iyali, ya auna abin da ke akwai, ya zana yadda za a shigar da sabon cikin tsohon, iska da haske su samu hanya, sitirar mata da 'ya'ya kuma ta tabbata. Akwai injiniya, mai lissafin nauyi, wanda zai ce wannan bango yana ɗauke da rufi, kada a taɓa shi, wancan kuwa shamaki ne kawai. Akwai mai ƙididdigar kayan gini, wanda zai fitar da adadin buhu da rodi da katako da kuɗin hannu tun ba a fara ba. Sa'an nan akwai magini ko ɗan kwangila, mai aiwatarwa. Kowane ɗayansu yana da majalisar da doka ta kafa domin yi masa rajista da hukunta shi in ya yi ha'inci: ARCON ta masu zane tun 1969, COREN ta injiniyoyi tun 1970, CORBON ta magina tun 1989, kuma halal ne ga mai gida ya nemi ganin shaidar rajistar wanda zai damƙa wa dukiyarsa. Hikimar rarrabewar ita ce, wanda ya tsara aiki ya zama ido a kan wanda yake aiwatar da shi, domin idan mutum guda ne ya ƙiyasta, ya sayo, ya gina, ya kuma shaidi kansa cewa aikin ya yi kyau, to ko waliyyi ne an jefa shi cikin jarrabawa.

Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce da aka ɗora mana. Ƙasar Hausa ta san sarautar Sarkin Magina tun da daɗewa, kuma Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 zamanin Sarki Abdulkarimu, shaida ce cewa magabata sun bambanta gwanin da ke tsara gini da leburan da ke kwaɓa ƙasa. A yau kuwa ilmin ya zo har ƙofar gidanmu, tun da a harabar Kafanchan ta Jami'ar Jihar Kaduna ake koyar da zanen gine-gine da ƙididdigar kayan gini, ban da tsohon sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Abin mamaki ne garin da ake yaye masu wannan ilmi ya zamana mutanensa suna fasa bango da ka.

Na san hujjar da za a kawo mini, kuma ba ta rasa ƙarfi. Za a ce tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin siminti da rodi da kuɗin tifa suka yi tashin gwauron zabo, cutar da ta faɗa wa citta a shekarar 2023 kuma ta karya jarin manoma da yawa, to ina talaka zai samo kuɗin mai zane alhali na bulo ma da ƙyar ya haɗa? Amsata kashi biyu ce. Na ɗaya, ba kowane gyara ne yake bukatar masani ba. Mai sake fenti, ko canja ƙyaure, ko maye gurbin fallen kwano da ya huje, kafinta da birkila amintattu sun ishe shi. Amma wanda zai rushe bango ya haɗe ɗaki biyu, ko ya sake fasalin rufi, ko ya ɗora tankin ruwa a kan gini, balle uwa uba ya ɗora bene a kan harsashin da ba a haƙa domin bene ba, wannan ya shiga babin rayuka, kuma babu rangwame a cikinsa. Ba mu manta ba da ranar Juma'a 12 ga Yulin 2024, da ginin makarantar Saint Academy ya rufta a unguwar Busa Buji ta Jos, mutum 22 suka rasu, galibinsu ɗalibai. Gini idan ya gaza ba ya tambayar wanda ke ƙarƙashinsa.

Na biyu, mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi kowa bukatar tsari, domin shi ne ba zai iya yin aiki sau biyu ba. Yawancinmu da kaɗan-kaɗan muke gini, bana ɗaki ɗaya, baɗi bayan gida, shekarar da ta biyo baya shago a bakin titi. Idan akwai zane guda da ya hango gidan gaba ɗaya, aka kasa shi mataki-mataki, kowane mataki yana ƙarewa da rufi a kansa kafin ruwa ya sauko, to abin da aka gina bana ba za a rushe shi baɗi don a samu hanyar bututu ba. Kuɗin da masani zai karɓa ya yini yana duba gida, ya rubuta abin da ya gani, bai kai na bangon da za a gina a karkace a sake rushewa ba. Mutanenmu da kansu sun ce araha ba ta ado.

Yanzu sai batun ƙulla yarjejeniya, wanda a nan ne zumunci yake yawan mutuwa. Ga yadda aka saba. Mai gida ya kira birkila ya nuna masa da baki da hannu, ya ce, "Malam, nawa za ka yi mini wannan?" Birkila ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya ce, "Haba Alhaji, ai ni da kai ba ma haka, a fara kawai, ba za mu ɓata ba." Aka ba da kafin alƙalami, aka sauke kwano. Bayan mako biyu sai a ji, "Maigida, siminti ya ƙare, katakon nan ma duk ya mutu, kuma jingar da muka yi ba ta haɗa da filasta ba." Mai gida ya rantse ta haɗa, birkila ya rantse ba ta haɗa ba, kuma mai yiwuwa ne babu maƙaryaci a cikinsu, kowa abin da ya fahimta ya riƙe. Malaman fiƙihu sun daɗe da toshe wannan ƙofa, da suka shar'anta cewa a cikin ijara lalle aikin ya zama sananne, ladan ma sananne, suka kuma ƙi garari, wato rashin tabbas a cikin ƙulla ciniki, domin shi ne mafarin husuma. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna karantawa a Linjilar Luka misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya lissafta abin da za ta ci. Duk addinan biyu da ke wannan gari sun hore mu da lissafi da rubutu, kunya ce kawai take hana mu, alhali kunyar yini ɗaya ta fi gaba ta shekaru sauƙi.

Takardar ba sai ta yi tsawo ba, ba kuma sai da Turanci ba. A rubuta aikin dalla-dalla, ɗaki-ɗaki; a faɗi wanda zai sayo kaya da irin kayan, kaurin kwano, girman rodi, bulo mai inci 9 ne ko mai inci 6; a sa ranar farawa da ta gamawa. A kasa biya bisa matakan aiki, kada kuɗi ya riga aiki yin nisa, kada kuma aiki ya bar kuɗi a baya. A amince cewa duk canjin da ya taso, sai an rubuta shi da farashinsa kafin a taɓa. Mai gida ya ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na kasafinsa domin abin da zai ɓullo idan an buɗe bango, gama a tsohon gida lalle sai wani abu ya ɓullo. A manyan kwangiloli akan riƙe kimanin kashi 5 cikin ɗari na kuɗin har wata shida bayan gamawa. A ƙasarmu na fi son a ce har damina ɗaya ta wuce, domin aikin da aka gama a Janairu ba a san gaskiyarsa sai Agusta. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.

Bayan rubutu sai sa ido. Bulon da aka tsawaita wa buhu fiye da kima, in ka murza gefensa da babban yatsa sai ya zube. Yashin da ke da laka, in ka zuba shi a kwalba da ruwa ka girgiza ka ajiye, za ka ga lakar ta kwanta a samansa. Kankaren linta da ginshiƙi, abin da aka saba shi ne kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kuma yana bukatar ban ruwa na aƙalla kwana 7, ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. A lokacin hunturu kuwa, da iska ke busar da kome, filastar da ba a shayar ba tsattsagewa take yi. Wannan shi ne abin da gaggawar Disamba take ci. Wanda yake aiko da kuɗi daga nesa, ya ɗora wa ƙaninsa ko ɗan baffansa tsaron aikin da bai san kansa ba, ya zalunci yaron kuma ya sa zumunci a caca. Gara ya biya masani ya dinga leƙawa a kowane mataki kafin a rufe abin da ba za a sake gani ba, ɗan'uwan kuma ya riƙe littafin shiga da fita da rasit.

Adalci ya wajabta in faɗi laifin masu gida, domin ba kullum magini ne mai zamba ba. Akwai mai gidan da yake sauya ra'ayi duk sa'ad da aboki ya ziyarce shi, ya sa a toshe taga a buɗe wata, sa'an nan ya ƙi biyan ƙarin. Akwai mai matse farashi har ya kai inda ya san ba za a iya aikin kirki da shi ba, daga baya ya yi kukan an rage siminti. Akwai kuma mai riƙe kuɗin lebura mako da makonni, alhali yaron da ya yini yana ɗaukar kwanon kankare da ladan ranar zai ciyar da uwarsa, shari'a kuwa ta tsananta a kan gaggauta biyan ɗan ƙwadago. Mai son a riƙe masa amana, shi ma ya riƙe ta.

Akwai kuma waɗanda ba su cikin yarjejeniyar amma suna da haƙƙi a cikin aikin. Na farko magada: gidan gado da ba a raba ba, kada ɗa ɗaya ya zuba dukiyarsa a ciki sai an zauna da 'yan'uwa maza da mata an rubuta ko kyauta ce, ko bashi, ko ƙarin rabo. Na biyu hukuma: KASUPDA ce ke ba da izinin gini a biranen Jihar Kaduna, KADGIS kuma ke riƙe da bayanan filaye, kuma wanda ya ci hanya ko ya gina a kan magudana ya ba da hujjar rushe masa da hannunsa. Na uku maƙwabci. Wani gwanin magini na Tunis a ƙarni na 14, Ibnur Rami, ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini bisa mazhabar Malikiyya, cike da mas'alolin tagar da ke leƙa gidan wani, da bangon tarayya, da ruwan da ke zuba a filin maƙwabci. A gari irin namu, inda katanga ɗaya takan raba Musulmi da Kirista, kuma an ɗanɗana ɗacin abin da ƙaramar magana kan haifar, sallama ga maƙwabci kafin a juya indararo wajensa tana daga cikin kiyaye zaman lafiyar gari.

Daga ƙarshe ina da kira ga masanan kansu, domin rabin laifin nisan da ke tsakaninsu da jama'a nasu ne. Muddin mai zane yana ganin gyaran ɗaki uku a Kafanchan ko Zonkwa ko Kwoi ya yi masa ƙanƙanta, yana jiran babbar kwangila a Abuja, yana kuma yi wa dattijo bayani da Turancin da ba ya ji, to dattijon zai ci gaba da kiran wanda yake jin harshensa ko da bai san aikin ba. Ya kamata ƙungiyoyinsu na jiha su yanka farashi sananne mai sauƙi na duba gida da ba da shawara a rubuce, malaman jami'ar da ke garin nan su ware ranakun da za su zauna da ɗalibansu su saurari masu gyara, a kuma fitar da samfurin yarjejeniya na shafi ɗaya da Hausa, a ajiye shi a wurin masu unguwa da limamai da fastoci da shagunan sayar da siminti. Mai gida kuwa da ya tara kuɗinsa domin ranin bana, ina roƙonsa ya jinkirta sauke kwano da mako biyu, ya kira masani ya duba, ya tara magada, ya gaida maƙwabci, ya rubuta jinga a gaban shaidu. Allah Ya sa albarka a cikin abin da za a gina, Ya zaunar da mu lafiya a cikinsa.